Damin Farko da Ban Kai Gindin Tsamiya Ba

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya jikinka, yaya aiki a Ikko? Ina fatan Saratu da yara suna lafiya.

Yaya, hankalina a tashe yake. Bana da na girbe dawa a Kuyello, ban kai damin farko gindin tsamiyar bakin daji inda Baba yake yanka kaza ba. Majami'a na kai shi. Ba a yi mako ba 'yata Rifkatu ta kwanta da zazzaɓi, yau kwana biyar ko koko ba ta sha. Kawu Audu ya ce ni na jawo, in kai kaza tun ba a yi kuka ba.

Ba zan ɓoye maka ba, jiya na kama kazar, har na kai rafin da ke hanyar tsamiyar. Nan na durƙusa na yi addu'a, na juyo da ita gida. Zazzaɓin bai sauka ba, amma ni hankalina ya ɗan kwanta, har na iya cin abinci. Gobe zan kai Rifkatu ɗakin shan magani a Birnin Gwari.

Ku sa mu a addu'a, ka gaishe mini da kowa. Ko ta tashi ko ba ta tashi ba, a hannun Yesu take.

Ƙanenka,
Yohanna