Kwamfuta a Saman Sif

Daren Laraba, Birniwa

Barci ya ƙi zuwa. Gobe ɗalibaina ke jarrabawa, tambayoyin kuma suna cikin tsohuwar kwamfutar da na bari a gida Hadejia, inda nake ajiye komai. Kullum daga nan nake tashinta da wayata, in ɗauko abin da nake so. Yau tun magariba nake aika mata saƙon tashi, shiru.

Na kira matata. Ta ce kogi ya cika, ruwa ya fara shigowa, shi ya sa ta zare kebul ɗin intanet ta ɗora kwamfutar a saman sif. "Ai akwai waifai," in ji ta.

Na hau ta da bayani cikin zafi: in kwamfutarmu ta yi barci, waifai ɗinta ma mutuwa yake, ta kebul kaɗai take jin kira. Na ce ta taka kujera ta kunna min.

Ta ce, "To, Abban Hafsa. Bari in sami busasshen wurin da zan sauke Hafsa tukuna."

Ta kunna. Tambayoyin sun shigo wayata. Har yanzu ban buɗe su ba.