Sau Bakwai Ta Ɗaga Hannu

Daren Lahadi, Ruwais, Jidda

Jiya muka dawo daga Jojiya. Kwana huɗu a dutsen da duniya ke taruwa wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, amma ko sau ɗaya ban ɗaura katakon zamiyar a ƙafata ba. Ni da na karance littafi guda kan yadda ake tsayawa da juyawa!

Wando ne ya hana ni. Na gwada irin na masu wasan, ja, mai kumburi, na ga kaina a madubi kamar buhun albasa. Na ce dattijo ba zai faɗi a haka gaban 'yarsa ba. Sai na koma ɗakin shayi, na zauna bakin taga, ina yi wa masu faɗuwa dariya.

Ruƙayya ta yi ta roƙo: "Yalla Baba, taso mana, sau ɗaya kawai. Wata mai zuwa fa ina Kano, jami'a."

Na ce, "Halas, ya isa, je ki, ina kallonki."

Ban kalla ba, surutu ya ɗauke ni. Ɗazu mamanta ta nuna min bidiyon saukowarta. Duk kwanar da ta sha, sai ta ɗago wa tagata hannu. Na ƙirga, sau bakwai.