Ɗinki Uku a Daren Zaɓe

Mamana,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Baba? Kada hoton nan ya tayar miki da hankali, ɗinki uku ne kawai a goshi.

A nan birnin Kali doka ta hana sayar da giya ranar zaɓe. Don Evelio, mai gidan da nake wasan barkwanci, ya so ya rufe. Ya ce, "Yusmeli, wa zai yi dariya da kofin shayi a hannu?" Na ce ya buɗe.

Wuri ya cika, kowa idonsa na kan talabijin. Wani ƙato da ɗan takararsa ke shan kaye ya daka mini tsawa: "Baƙuwa, ko ƙuri'a ba ki da ita! Koma ƙasarku!"

Na ce, "Kawu, kai mai ita, me ta tsinana maka?"

Har matarsa sai da ta yi dariya. Shi ne ya jefe ni da kofi.

Kin ce in koma gyaran gashi. Ba zan koma ba, Mama. Da jini a fuska na ƙarasa wasana, kuma ba wanda ya sake kallon talabijin.

Ki sa mini albarka.

'Yarki,
Yusmeli