Motar da Badamasi Bai Hau Ba

Hay el-Sabi', Alƙahira

Zuwa ga Gwaggo Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya.

Gwaggo, hankalina a tashe yake. Kin san maigidana, Malam Badamasi, ya raka abokin karatunsa Abdulbasit gida Indiya, wanda ya karye a ƙafa ba ya iya tafiya shi kaɗai. Ƙauyensu can ciki yake, waya ba ta shiga, kuma mota ɗaya tak ke zuwa, da safe ta kwashi mutane zuwa garin da tashar jirgin ƙasa take. Kafin ya shiga ƙauyen ya ce mini ranar Talata zai fito.

Jiya wani ɗalibi ɗan yankin su Abdulbasit ya zo mini da labari: ruwa ya ci gada, motar Talata ta faɗa kogi. Har yanzu ba a fitar da sunaye ba. Maƙwabciyata Widad sai "ma'alish", wato in yi haƙuri, take ce mini tana tura mini shayi. Don Allah kada Hajiyarsa ta ji.

'Yarki,
Husseina

*

Katsina

Husseina,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Ke dai ki ci abinci. Wa ya ce miki ya ga gawarsa? Ba a zaman makoki da jita-jita. Mijin nan naki tun yana yaro bai taɓa isa wuri a kan lokaci ba, ranar ɗaurin aurenku ma sai da aka jira shi. Hajiyarsa kuwa ta riga ta ji, bakin mutane ba ya ƙulli. Muna tare da ita, an sa yara sauka. Kada ki zauna ke kaɗai, ki koma wajen Balarabiyar nan.

Allah ya jishe mu alheri.
Gwaggonki

*

Indiya

Husseina,

Sallama da gaisuwa. Ina raye, lafiyata ƙalau. Yau na iso inda waya ke shiga, na kira ban same ki ba, shi ya sa na rubuto.

Ranar Talata na shirya da wuri. Sai mahaifiyar Abdulbasit ta riƙe jakata, ta ce baƙon da ya kawo mata ɗa ba zai fita da yunwa ba. Mutanen ƙauyen ba su da yawa, maza duk sun tafi birane neman aiki, sai tsofaffi da mata da yara, amma kowa sai da ya zo sallama. Ina cikin gaisawa na ji ƙahon mota. Na bi ta da gudu cikin taɓo amma ta tsere mini, har na yi fushi da tsohuwar.

Da azahar labari ya iso. Akwai mutanen ƙauyen a ciki, har da Isam, ƙanin mahaifin Abdulbasit, wanda ya ce zai kama mini kujera. Babu masu ƙarfin haƙa kabari, Husseina, don haka na tsaya na haƙa musu. Bayan ruwa ya ja aka fito da ni a amalanken shanu, sannan kwalekwale, sannan jirgin ƙasa.

Ki yafe mini tashin hankalin da na sa ki. Ki gaida Hajiya da Gwaggo.

Mijinki,
Badamasi

*

Hay el-Sabi', Alƙahira

Gwaggo,

Gaisuwa da godiya. Alhamdu lillahi, ya sauka ranar Juma'a. Ya rame, tafin hannunsa duk kanta, amma yana ci yana barci. Ni da kaina na je na tarye shi a filin jirgi.

Yau ya koma makaranta. Na leƙa ta taga, na ga motar haya ta tsaya, direba na ta "yalla, yalla", wato a shigo da sauri. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya gyara jakarsa ya kama hanya a ƙafa. Zan dai ajiye masa ruwan sanyi.

Ki huta lafiya.
Husseina