Ƙorafi Kan Sunan Arlen da Kwanson Tawada Mai Jan Farce

Daga: Uwargida Verna Pokorny,
Hanyar Tsohuwar Gada, Wilmot Creek, Nebraska.

Zuwa ga: Mai girma Lyle Svoboda,
Shugaban Ƙungiyar Masu Madara ta Wilmot Creek.

19 ga Afrilu, 1999.

Game da: Ɓata sunan marigayi mijina, Arlen Pokorny, ma'ajin ƙungiya.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ranar Talata 6 ga Afrilu ina shagon kayan masarufi, Doris Hruska ta tare ni ta ce, "Verna, kin ga takardar labaran ƙungiya? An ce tsohuwar na'urar buga ceki ta Arlen ce ta sa banki ya riƙe kuɗin madara." Na ajiye kwandona na fito ban sayi komai ba. Karatuna bai wuce aji takwas ba, kuma da ka nake rubuta wannan, amma kwanakin daidai suke.

1. Shekara tara Arlen yana buga wa iyalai arba'in da uku cekinsu a ɗakin cin abincinmu, ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba. Lambobin da ke ƙasan ceki, injin banki ba da ido yake karanta su ba, da maganaɗisu ne. Sai an buga su da tawada mai garin ƙarfe. Kwanson da ke riƙe ta a cikin na'ura da na tawadar wasiƙa kamarsu ɗaya, shi ya sa na ɗiga wa na cekin jan farcena. Duk ranar bugu ni ce mai sa shi, ni ce mai cirewa in naɗe a tawul. Arlen yakan ce, "Hajiyar injiniya, a ba mu ja." Ba a taɓa rubuta sunana ko'ina ba, ban kuma nema ba.

2. Arlen ya rasu ranar Alhamis 11 ga Fabrairu. A wurin jana'iza Uwargida Charlene Dvorak, wadda wata huɗu kacal ta yi tana taya shi lissafi, ita aka ba damar magana da sunan ƙungiya. Ta ce ta san aikinsa ciki da waje. Ina zaune a layin gaba. Ita aka riƙa riƙe wa hannu a bakin coci, har da kai, Yallaɓai.

3. Ranar Litinin 22 ga Fabrairu, kafin a gama mayar wa maƙwabta kwanukan abincin ta'aziyya, ta zo da takardarka ta ɗauki na'urar, da ɗan littafin da Arlen ya rubuta ƙa'idojin bugu da hannunsa, da matashin kujerarsa wanda ni na ɗinka. Ta ce mini, "Ki huta, 'yar'uwa, wannan aikin na masu takarda ne." Na san tana da shaidar kwaleji. Kowa ya sani, tana rataye a ofishinta inda ba mai shiga bai gani ba.

4. A nan zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar nan tawadar wasiƙa ce a cikin na'urar, don wasiƙun godiya na buga. Ina tsaye ina kallo ta sa ta a mota. Mai jan farcen yana cikin kabad, taku uku daga inda take. Ba ta tambaye ni ba, ni kuma ban ce komai ba. Na so ta dawo ta ƙwanƙwasa ƙofata ta ce, "Verna, nuna mini." Ba ta dawo ba. Ta buga cekin Maris da tawadar wasiƙa, injin banki ya kasa karantawa, mutane suka jira kwana tara. Iyalin Novak sai da suka roƙi mai abincin shanu ya yi musu haƙuri. Wannan kason laifina ne, na kuma je na faɗa wa Fasto.

5. Amma a shafi na uku na littafin nan Arlen ya rubuta, "A tambayi Verna jan kwanso." Wadda ta san aikinsa ciki da waje ba ta kai shafi na uku ba. Duk da haka takardar labarai ta yaba mata da gano matsala, ta ɗora laifin a kan mutumin da ba zai iya tashi ya kare kansa ba.

Don haka ina roƙonka da ladabi, a gyara maganar a fitowa ta gaba, da manyan baƙaƙe kamar yadda aka buga ta farko. In ana neman wanda za a zarga, a sa sunana da nata tare, a cire nasa. A dawo mini da littafin da matashin. Kwanson na ƙungiya ne, zan bayar, amma ita za ta zo da ƙafarta ta karɓa, ta tsaya in nuna mata yadda ake sa shi.

Ina fatan ba za a ɗauki wannan a matsayin rashin kunya ba.

Taka cikin biyayya da girmamawa,
Verna Pokorny (Uwargida)

Ƙari: Ka gaya mata tawadar ba ta lalace ba. Garin ƙarfen yana kwantawa gefe ɗaya in an bar shi, don haka kullum da safe, kafin in ɗora kofi, nakan buɗe tawul in girgiza kwanson sau biyar, hagu da dama, yadda Arlen ya koya mini.