Idon Bawa Da Mutum-mutumin Da Na Kafa

Zuwa ga Alhaji, mai kwangilar tsaron ƙofofin ruwa na gonakin rani tsakanin Mafara da Bakura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, ni ne Lawali, wanda mutanen garinmu ke kira Sarkin Tsiya. Ban yi boko ba, da ajami na rubuta wagga takarda anka maida mini ita boko. Sau uku ina zuwa ƙofarka, masu gadi na korata suna dariya, don sun san ni da ba'a. Shi ya sa na kawo maganar fili.

Na ɗaya. Bawa, mai tsaron ƙofarka ta ruwa da ake tuhuma da ran Malam Isa mutumin Damri, taubashina ne, ɗan gwaggona. Tun muna yara ba shi ganin nesa, kuma da wanga abu nake tsokanarsa. Nakan sa wa kara riga in ce ga surukinsa, ya durƙusa yana gaisuwa, mu faɗi muna dariya. Kunyar dariyarmu ta sa ya ɓoye lalurarsa har ya samu aikinka.

Na biyu. Ƙa'idar aikinku ita ce shugaban leburori ya tsaya can kan gada ya buɗe hannuwa biyu, mai ƙofa ya saki ruwa. Ranar Talata da hantsi na gicciya kara biyu kusa da gadar, na rataya musu tsohuwar rigata, na laɓe cikin dawa ina jiran Bawa ya gaida su. Wallahi ban san da ƙa'idar ba, ban kuma san akwai masu yasar laka cikin hanyar ruwan ba. Bawa ya hangi mutum da hannuwa a buɗe, ya murɗa ƙarfen ƙofa, ruwa ya kwararo. Leburori sunka haye, Malam Isa tsoho ne, bai haye ba. Allah Ya jiƙan shi.

Na uku. Mutanenka sun ce ƙarya Bawa ke yi da ya ce ba shi ganin nesa, don sun ba shi takarda mai ƙananan baƙaƙe ya karanta tsaf, kuma kowa ya san shi ke zura wa gwaggo zare a allura. Ranka ya daɗe, ciwon ke nan. Da anka ba da belinsa mun kai shi wurin wani malamin asibiti a Mafara. Ya ce ba sammu ba ne, ba iska ba, kwalli da tofi ba su gyara shi. Ƙwayar idon ce ta ɗan fi tsawo, sai hoton abin da ke nesa ya taru kafin ya kai bayan ido, ya zama hazo, na kusa kuwa tar. Maganinsa tabarau ne da anka auna wa mutum, ba irin na tsofaffi da ake shanyawa a kasuwa ba. Da ya ɗora masa gilashin gwaji, Bawa ya ƙirga tsuntsayen da ke kan waya. Ya hango ni ina can bakin ƙofar ɗakin, karo na farko a rayuwarsa, ya kawar da kai.

Ba wanda ya auna idonsa ranar da anka ɗauke shi aiki, alhali duk aikin hangen nesa ne.

Roƙona: ka karɓi takardar malamin asibitin ka kai ta gaban alƙali kafin ranar shari'a. Ka sa a auna idon kowane mai ƙofa, a kuma daina sakin ruwa da alamar hannu. Ka tuna da marayun Malam Isa.

In dole sai an ɗaure wani, rigar da kunka cire daga karan tana ofishinka. A kira ni a gwada ta a jikina.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya tsare ka da ɗaukar alhakin wani.

Wassalam.
Lawali, taubashin Bawa.