Gawar Mis Lovie da Lasisin Gidanmu

Litinin, 3 ga Oktoba, 1983

Yau ma Mis Lovie ta ƙi abinci. Ita ce mafi tsufa cikin tsofaffi shida da muke kula da su a gidan Mis Odessa, nan unguwar Glenwood, kuma ita ce mafi baki. Wai faten masarata kamar siminti. Na ce to ta tashi ta dafa nata. Ta yi dariya har da tari. Tana da ɗa a unguwar Sedgefield nan kusa, amma tun da na fara aikin nan ban ga ƙeyarsa ba.

Talata, 4 ga Oktoba

Ta rasu.

Bayan azahar ne, Mis Odessa ta tafi cefane ta bar ni ni kaɗai. Na shiga da ruwa na same ta a kujera, kai ya langaɓe, baki a buɗe, ta ɓata jikinta. Innalillahi.

Ban tsaya wani tunani ba. Abin da na ga Inna ta yi wa Kaka a Kazaure shi na yi. Na cicciɓe ta na kwantar a gado, na shafe mata ido, na miƙe ƙafafun tun ba su sandare ba. Na goge mata jiki da ruwan ɗumi, na sa mata rigarta mai furanni. Na rasa abin ɗaure haɓa, na cire ɗankwalina na ɗaure. Na wanke kujerar. Ba Musulma ba ce, ban yi mata wankanmu ba, sutura ce kawai. Sannan na buga waya asibiti.

Da Mis Odessa ta dawo ta leƙa ɗakin, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Na ɗauka kukan rashi ne.

"Kubura, wa ya ce ki taɓa ta?"

Ashe doka ce. Ba a motsa gawa sai likita ko 'yan sanda sun gani. Ba wanda ya taɓa gaya mini, ni kuma ban taɓa zaton sai an nemi izini ake rufe wa mamaci baki ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Ɗan ya zo, da takalman wasan golf a ƙafarsa. An gaya masa an sami uwarsa a wanke, an canja mata riga, da ƙyallen 'yar Afirka a haɓa, ga kuma tabon jini kwance a damtse. Ya ce faɗuwa ta yi muka ɓoye. Tabon wurin da na riƙe na ɗaga ta ne, fatar tsohuwa ba ta da wuya. Ya kai ƙara hukuma. Mutumin da ko waya ba ya bugowa, yau shi ne mai uwa.

Talata, 11 ga Oktoba

Sufeto ta zo daga hukumar da ke ba gidajen tsofaffi lasisi. Yarinya ce, ba ta fi ƙanwata ba. Na kawo mata ruwa da biskit, ta ce ba a yarda su karɓi komai ba. Ta auna zafin ruwan famfo, ta buɗe firji, ta ƙirga magunguna, ta gwada ƙofar baya. Sannan ta zaunar da ni. Me ya sa na wanke kujerar? Na ce ta ɓaci ne. Me ya sa ban fara kira ba? Na ce ba na so maza su shigo su gan ta a haka. Ta rubuta. Duk abin da na faɗa sai ta rubuta, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

Babban laifin ma na Mis Odessa ne, wai ta bar ma'aikaciya marar takardar horo ita kaɗai da tsofaffi. Ana iya ƙwace lasisin. In aka ƙwace, an rufe gidan ke nan, a rarraba tsofaffin.

Laraba, 12 ga Oktoba

Maigidana ya ce, "Kubura, nan ba Kazaure ba ne. Ki ce musu sorry, ki sa hannu a wuce wurin." Ya koma kan littattafansa. Haushinsa nake ji, don ya fi ni gaskiya.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Mista Cleophus, makahon nan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ba abin da kunnensa ba ya ɗauka. Ina yi masa aski ya kama hannuna ya tambaya ko gaskiya ne za a kwashe su. Kafin ya zo nan ya zauna a wani babban gida, inda suke ɗaure mutum a kujera don kada ya yi yawo. Ya ce in dai can za a mayar da shi, gara a bar shi a bakin titi. Na ce ba inda za shi. Ƙarya na yi, ban sani ba. Tsoro nake ji, kuma ni na jawo musu.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Likita ya ce zuciyar Mis Lovie ce ta tsaya, ba faɗuwa ta yi ba. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Ɗankwalina ma bai dawo ba.

Alhamis, 1 ga Disamba

Lasisin wucin gadi suka bayar. Ba ɗaukar sabon tsoho, sufeto za ta riƙa faɗowa ba sanarwa, kuma kuskure ɗaya a rufe. 'Yan uwan mutum biyu sun riga sun kwashe nasu. Mis Odessa ta rame. Ba ta kore ni ba, amma ta daina kirana 'yarta.

Asabar, 10 ga Disamba

Yau na je ajin horo. Malamar ta kawo misalin wata ma'aikaciya daga Afirka da ta wanke gawa. Ba ta faɗi suna ba. Ni kaɗai ce mai ɗankwali a ajin.

Talata, 15 ga Mayu, 1984

Mista Cleophus ya rasu da hantsi, a kujerarsa ta bakin taga. Na taɓa wuyansa kamar yadda aka koya mana, na fita na buga waya, na dawo na tsaya a bakin ƙofa. 'Yan asibiti sun daɗe ba su zo ba. Ya karkace gefe, ido da baki a buɗe, takalmi ɗaya ya fice. Hannuwana na cikin aljihu. Ƙuda ya sauka a leɓensa, na tsaya ina tunanin ko korar ƙuda ma taɓawa ce. Kafin in gama tunanin ya tashi da kansa.

Mis Odessa ta ce na yi daidai. Na ci abincin rana, na cinye tas. Gidan yana nan a buɗe.